Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Google da Microsoft Bing Kan Shafukan Sharar da Inji Ke Ƙerawa

Zuwa ga shugabannin sashen bincike da na tallace-tallace a Google, da takwarorinsu na Microsoft Bing.

Bayan gaisuwa da fatan alheri.

Mu da muka rubuto muku masu gina gidajen yanar gizo ne, da masu kula da saba, da masu tsabtace gidajen da aka yi wa kutse. Saba ita ce kwamfutar da ke ɗauke da gidan yanar gizo, kuma aikinmu ya ɗora mana karanta rajistarta, wadda ke nuna wanda ya shigo, da lokacin da ya shigo, da abin da ya nema. Ta nan muke ganin yadda manhajojinku masu rarrafe, waɗanda ke bin shafuka suna tattaro su domin bincike, ke yawo da abin da suke kwasa. Abin da ya kawo mu shi ne gidajen sharar nan da manhaja ke ƙerawa dubu-dubu ba tare da mutum ya karanta ko layi ɗaya ba, waɗanda ke fitowa a shafin farko na sakamakon bincike, wani lokaci ma a saman wanda suka sace wa rubutu. Mun zaɓi yin maganar a fili domin masu bincike su ma su san ta inda abin ke shigowa.

Ga inda muka tsaya. Kuna ba da amana bashi. Kuna shigar da shafi kundinku na sakamakon bincike yau, hukuncinsa sai bayan makonni, kuma a tsakanin nan ne kuɗi ke shiga aljihun mai shara, wani kaso ma ta hanyar tallanku. Ranar da hukuncin ya sauka, kan domen, wato sunan gidan a intanet, da mai shi ya riga ya yar yake sauka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma yawancin tsagar da za mu lissafa a bangonku take.

Mai wannan sana'a da tambayoyi yake farawa, rubutu sai daga baya. Yakan sa manhaja ta riƙa buga kalma a akwatin bincikenku, ta bi ta da harafi ɗaya bayan ɗaya, tana tattara duk abin da kuka ba da shawarar a ƙarasa da shi. Ta haɗa da tambayoyin da kuke jerawa a tsakiyar sakamako a matsayin abin da wasu ke tambaya. Kafin gari ya waye yana da jeri mai layi dubu ɗaruruwa. Ba ya neman manyan kalmomin da kowa ke kokawa a kansu. Dogayen tambayoyin da ba wanda ya zauna ya amsa yake so: lambar kuskuren da wani samfurin firinta ke nunawa, lambar wayar da ta kira mutum bai san mai ita ba, sunan wanda ya rasu jiya haɗe da kalmar jana'iza. Ku da kanku kun sha faɗa cewa kusan kashi 15 cikin ɗari na binciken da ake yi a Google kowace rana sabo ne, ba a taɓa ganinsa ba. Irin wannan tambaya ba ta da tarihin dannawa, ba ta da amintaccen shafin da wasu suka yi nuni gare shi, saboda haka ma'auninku yakan koma kan dacewar kalmomi kawai. A 2018 Michael Golebiewski, wanda ma'aikacin Bing ne a lokacin, da danah boyd sun yi rubutu kan wannan giɓi na bayanai da yadda ake cike shi da gangan. Ke nan abin ba baƙonku ba ne.

Cike shafukan kuwa ya bi matakai. Da can kwafe ake yi kai tsaye, ko a sa manhaja ta musanya kalmomi da masu kama da su, ko a fassara rubutu da inji zuwa wani harshe a sake dawo da shi. Akwai kuma ƙwarangwal guda mai guraben cikewa: sunayen garuruwa 500 da nau'in aiki 200 sun ba da shafi 100,000, duk magana ɗaya. Waɗannan suna da tabo. Kwafe ana kama shi ta hanyar kwatanta jerin kalmomi, musanyar kalmomi kuma takan haifar da jimlar da ɗan Adam ba zai furta ba. Daga ƙarshen 2022, da manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu rubutu suka shiga hannun kowa, tabon ya ɓace. Rubutun yana tafiya sumul, kuma ba ya maimaita na kowa kalma da kalma, don haka matatar kwafe ba ta da abin kamawa. Illar tana cikin ma'ana: a ce wa mutum ya shiga wani sashe na saitin wayarsa da babu shi, a haɗa masa matakan gyaran samfuri biyu daban, a ƙaga wa mamaci sanadin mutuwa. Cikin gidajen labarai 49 da NewsGuard, mai auna sahihancin gidajen labarai, ta bankaɗo a watan Mayun 2023, an gane da yawa ne domin sun wallafa har da uzurin da manhajar ke bayarwa idan ta ƙi yin aiki. Masu sakaci ke nan. Waɗanda suka ƙara layi ɗaya na tace irin wannan uzuri ba sa cikin lissafi.

A watan Nuwamban 2023 wani mai harkar ɗaga shafuka a bincike ya fito da bakinsa yana alfahari cewa ya sauke taswirar gidan abokin gasarsa, wato fayil ɗin da ke jera duk shafukansa, ya mai da adireshin shafukan taken maƙala, ya sa inji ya rubuta maƙala 1,800 a kansu, ya kuma kwashe miliyoyin masu ziyara. Sai da maganar ta bazu sannan gidan ya rikito daga sakamakonku. Tambayar da muke so ku amsa wa kanku ita ce: da ya yi shiru fa?

Rubutu shi kaɗai ba ya hawa sama. Yana buƙatar suna mai daraja, kuma a nan ne aka fi cin amanarku. Tun daga PageRank, ma'aunin darajar shafi na Larry Page da Sergey Brin, waɗanda suka kafa Google, a 1998, mahaɗin da wani gida ya yi zuwa wani tamkar shaida ce a wurinku. Matsalar ita ce shaidar tana manne da sunan domen, ba ta bin mutanen da aka yi wa ita. Idan wata makaranta ko ƙungiyar agaji ko ƙaramar jarida ta daina biyan kuɗin domen ɗinta, a irin su .com da .org akwai wa'adin sassauci da zai iya kai kwana 45, sai kwana 30 na fansa, sai kwana 5 na jiran gogewa, sannan a sake shi. Kamfanonin cafke suna kama mai daraja cikin daƙiƙu da sakinsa. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne, da yawa ba sa kaiwa ga gogewar. Kamfanin rajista yakan yi gwanjonsu tun a wa'adin farko, sai domen ya sauya hannu alhali ranar ƙirƙirarsa tana nan yadda take. Duk wanda ya dogara da wannan rana zai ɗauka gida ne mai shekara goma sha biyar a hannu ɗaya. Mai saye mai wayo yakan ɗauko tsofaffin shafukan daga Wayback Machine, rumbun da ke adana tsofaffin kwafin shafuka, ya mayar da su inda suke, domin kada tsofaffin mahaɗai su faɗa a rami, sannan ya buɗe sabon sashe ya zuba kayansa. Wani kuma karkatarwa ta dindindin, mai lamba 301, yake sawa zuwa gidan da yake son ɗagawa, tunda a 2016 Google ya bayyana cewa irin wannan karkatarwa ba ta rage darajar da ake gada.

Sai a watan Maris na 2024 Google ya sa cin amanar tsofaffin domen cikin dokokinsa da sunansa. Mun yi maraba, amma doka a rubuce daban, kamu daban. Alamomin sauyin hannu ba ɓoyayyu ba ne a wurin wanda ke ziyartar gida kullum: sabar suna ta canza, adireshin IP, wato lambar saba a intanet, ya koma wata ƙasa, an fitar da sabuwar takardar tsaro, harshe ya canza, batu ya tashi daga kiwon lafiyar yara ya koma caca, yawan shafuka ya tashi daga ɗari biyu zuwa dubu ɗari biyu cikin mako. Kowace ɗaya ita kaɗai tana faruwa da mutanen kirki. Uku ko huɗu a lokaci guda ba sa faruwa da su sai nadiran. Roƙonmu shi ne idan suka haɗu, a dakatar da gadon daraja nan take, sabon abin da aka zuba ya fara daga tushe, a bar wa mai gaskiya ƙofar ɗaukaka ƙara wadda mutum zai duba.

Wanda ba ya son sayen suna sai ya ari na wani ba da saninsa ba. Fiye da kashi 40 cikin ɗari na gidajen yanar gizo a kan manhajar gina gidaje ta WordPress suke, kuma ƙaramar manhajar ƙari guda da aka manta ba a sabunta ba ta isa ƙofa. Ga yadda abin yake idan muka buɗe gidan da aka shiga. Fayil ɗin umarni na PHP guda ne aka ɓoye cikin jakar hotuna ko aka ba shi suna mai kama da na asali. An ƙara layuka a .htaccess, fayil ɗin saitin saba, domin duk adireshin da ya zo da wani tsari a miƙa shi ga wannan fayil, shi kuma ya janyo rubutu daga wata saba can nesa ya ƙera shafi a take. Shi ya sa mai gida zai duba ya ga babu sabon shafi ko ɗaya, alhali kundinku na ɗauke da dubbai da sunansa, galibi da rubutun Japananci na tallan jabun kaya ko na magunguna. Mai kutsen yakan ajiye fayil ɗin tantancewa ya zama mamallaki a Search Console, dandalin Google na masu gidaje, ya miƙa muku taswirarsa da hannunsa. Kuskuren da masu gyara suka fi yi shi ne su cire sunansa su bar fayil ɗin tantancewar, sai ya dawo. Na biyu shi ne su karkatar da matattun adireshin zuwa shafin farko maimakon su bar su su ba da amsar 404 ko 410, mai nuna babu shafin, sai sharar ta daɗe a kundi. Ko an yi komai daidai, sai mai rarrafenku ya sake bi ta kan kowane adireshi kafin ya fita, abin da kan ɗauki makonni ko watanni. Kayan cirewar gaggawa da kuka tanada na wucin gadi ne, kusan wata shida, kuma yana aiki ne da adireshi ɗaiɗai ko masu mafari ɗaya. Masu kutse sun san haka, shi ya sa suke ba shafukansu sunaye barkatai. Ku ba mai gidan da ya tabbatar da kansa damar miƙa jerin halastattun shafukansa, ku zubar da duk abin da ba ya ciki wanda kuka fara gani bayan ranar kutsen.

Akwai aron da ba ya buƙatar kutse ma. Jami'a ta buɗe reshen domen don wani taro, ta nuna shi ga wata hidimar gajimare, taro ya ƙare aka rufe asusun, aka manta da layin DNS, tsarin da ke haɗa suna da saba. Duk wanda ya yi rajistar wannan suna a hidimar ya mallaki reshen jami'a. Ko akwatin binciken cikin gida: mai shara ya ƙera adireshin da ke ɗauke da tallansa da lambar tuntuɓarsa a matsayin abin da ake nema, ya baza mahaɗai zuwa gare shi, gidan ya buga tallan a kan take yana cewa ba a sami sakamako ba, ku kuma ku shigar da shi kundi. Umarnin noindex, mai cewa kada a sa shafi a kundi, a irin waɗannan shafuka yana rufe ƙofar, amma shafin da ke cewa bai sami komai ba bai kamata ya jira umarni kafin ku ƙyale shi ba. Sai kuma manyan jaridun da ke ba da hayar wani sashe na gidansu ga masu tallan caca da rance da ƙwayoyin rage ƙiba. Wannan Google ya fara hukunta shi a watan Mayun 2024, da hannu.

Yadda sharar ke isowa gare ku ba abin mamaki ba ne, ta ƙofofin da kuka buɗe wa kowa take bi. Fayil ɗin taswira guda yana ɗaukar adireshi 50,000, fayil ɗin da ke jera taswirori kuma yana ɗaukar 50,000 nasa. A 2023 Google ya sanar da rufe hanyar sanar da taswira ba tare da tantancewa ba, ya kuma faɗi dalili: mafi yawan abin da ke shigowa ta nan shara ne. Wannan mataki ne mai kyau. Amma Indexing API, hanyar sanar da Google sabon shafi nan take, wanda aka ce na tallan guraben aiki ne da shirye-shiryen kai tsaye, mai ƙa'idar adireshi 200 a rana, an daɗe ana zagaye ƙa'idarsa ta hanyar buɗe asusu da yawa, har ana sayar da hidimar a fili. Makamancinsa IndexNow da Bing da Yandex suka ƙaddamar a 2021 yana karɓar adireshi har 10,000 a turawa ɗaya, kuma abin da yake tabbatarwa kawai shi ne mai turawar yana iya ajiye fayil a gidan, wanda mai kutse ma yana iyawa. Ƙari a kan haka, layi ɗaya mai alamar tauraro a DNS yana haifar da rassan domen marasa iyaka, kowanne da sunansa, kuma hukuncin da ya faɗa kan ɗaya ba lallai ya taɓa ɗan'uwansa ba. A 2011 Google ya cire duk abin da ke ƙarƙashin co.cc, domen da ke raba rassa kyauta, a lokaci guda, don haka mun san kuna iya sare abu daga tushe idan kun ga dama.

Fuska biyu, wato nuna wa mai rarrafe abu ɗaya a nuna wa mutum wani, ita ce ke sa rahoton mutane ya zama kamar ƙarya. Saba tana duba sunan da baƙo ya gabatar da kansa da shi da adireshin IP ɗinsa. Google yana wallafa jerin adireshin Googlebot, mai rarrafensa, domin masu gaskiya su bambance shi da na jabu, kuma wannan jerin ne masu shara ke amfani da shi. Idan Googlebot ne, a ba shi rubutu mai tsabta cike da kalmomin da ake nema. Idan mutum ne da ya fito daga sakamakon bincike, a wuce da shi ta karkatarwa uku ko huɗu zuwa gidan caca, ko gargaɗin ƙarya cewa wayarsa ta kamu da cuta, ko shafin da ke roƙon ya yarda a riƙa turo masa sanarwa. Idan kuwa ya buga adireshin da hannunsa, sai ya ga farin shafi ko 404. Wasu suna ajiye alama a burauza domin kada abin ya maimaitu a ziyara ta biyu, wasu wayar hannu kaɗai suke karkatarwa, wasu kuma mutanen wasu ƙasashe kaɗai. Mai dubawar da ke zaune a ofis da kwamfuta, a kan layin kamfani, ba zai ga komai ba. Da can muna da hanya mai sauƙi ta kama wannan: ajiyayyen kwafin da kuke nunawa, wanda ke bayyana ainihin abin da mai rarrafenku ya gani. A 2024 Google ya cire shi, Bing ma ya bi sahu. Kayan gwajin da suka rage wa wanda ba mai gida ba suna zuwa da sunansu na daban, Google-InspectionTool, wanda sabar mai shara ke iya ganewa ta nuna masa abin da ta so.

To me ya sa ma'auninku ba ya gyara kansa da sauri? A shari'ar da gwamnatin Amurka ta yi da Google a 2023, Pandu Nayak na sashen binciken Google ya yi bayanin Navboost, tsarin da ke amfani da tarihin dannawa na wata 13. Irin wannan tsari yana da ƙarfi inda mutane ke da yawa. A tambayar da mutum biyar ke yi a wata, babu isasshen dannawar da zai nuna cewa masu shiga suna fitowa a guje. Mai shara kuma ba ya buƙatar kowane shafi ya yi nasara. A ɗauka yana da shafi dubu ɗari, kowanne yana samun mutum ɗaya a mako: ziyara dubu ɗari ke nan, kuma babu shafi ɗaya da ya yi ƙarar da za ta ja hankali. A ɗauka cikin domen ɗari da ya buɗe tamanin sun mutu tun farko. Ashirin ɗin da suka rayu wata biyu sun biya duka, kuma kafin su faɗi ya riga ya kwafe kayan zuwa sabbin ɗari, wani lokaci har da karkatarwa daga tsohon zuwa sabon.

Mai ainihin rubutu kuwa yana shan kashi ta fuskar lokaci. Ƙaramin gida mai rarrafenku kan leƙa shi sau ɗaya a 'yan kwanaki. Ɓarawo yana sa ido a kan RSS ɗinsa, jerin da ke sanar da sababbin rubuce-rubuce, ya ɗauke sabon rubutu cikin mintuna, ya wallafa a kan tsohon domen da kuke ziyarta kullum, ya ja ranar wallafa baya. Ku kun fara ganin kwafe, sai asali ya zama shi ne mai maimaici. Hanyar ƙorafi ƙarƙashin dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ta 1998, wato DMCA, adireshi ɗaiɗai take bi, mutum yana cike fom da hannu yana fafatawa da injin da ba ya barci. Idan kuma an sake rubuta maƙalar da wasu kalmomi, fom ɗin ma ba shi da amfani.

Yanzu maganar kuɗi, wadda ita ce dalilin sa sashen talla a kan wannan wasiƙa. Mai gida yana samun kusan kashi 68 cikin ɗari na kuɗin tallan AdSense, tsarin tallan Google, sauran na Google ne, ko gidan na kirki ne ko na shara. A watan Yunin 2023 NewsGuard ta ga tallan manyan kamfanoni 141 a kan gidajen da inji ke cikewa, kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari na tallan ta hannun Google suka fito. Ba muna cewa da gangan kuke yi ba. Muna cewa domen ana yar da shi, amma asusun da ake biyan kuɗi a cikinsa ba a yar da shi da sauƙi, domin yana da suna da banki da takardar haraji. Lambar mai wallafa tana nan a rubuce cikin shafi da cikin ads.txt, fayil ɗin da ke nuna masu izinin sayar da tallan gidan, kuma sau da yawa lamba ɗaya ce ke bayan gidaje hamsin. Mu da muke waje muna haɗa su da hannu, ta wannan lamba da ta ƙididdigar masu ziyara da ƙwarangwal ɗin shafi iri ɗaya. Ku kuna da duka a gabanku. Idan sashen bincike ya yanke cewa gida shara ne, ya kamata a ranar talla ta tsaya a kansa, a riƙe kuɗin da ba a biya ba, a mayar wa masu tallan, a kuma bi sauran gidajen da ke kan asusun. Haka nan ku rage yawan masu sayar da gurbin talla da kuke ɓoye sunansu a sellers.json, jerin masu sayarwa da kuke wallafawa, domin ɓoyewar tana yanke zaren da masu bincike na waje ke bi.

Ba mu manta da abin da kuka yi ba. Tsare-tsaren Google na korar shara: Panda a 2011, Penguin a 2012, SpamBrain tun 2018. Rahoton Google na 2020 ya ce ana gano shafukan shara biliyan 40 kowace rana, kuma fiye da kashi 99 cikin ɗari na ziyarar da ake yi daga bincike ba ta haɗuwa da shara. Mun yarda aikin ba ƙarami ba ne. Sai dai wannan adadi na ziyara ne, kuma ziyara ta fi taruwa a manyan tambayoyin da kuka fi tsarewa. Bayan sauyin Maris 2024 Google ya ce abin da ba shi da amfani ya ragu da kashi 45, amma ba wanda ke waje da zai iya auna wannan. Masu bincike daga jami'o'in Leipzig da Weimar a Jamus, da suka bi tambayoyi 7,392 na sharhin kayayyaki tsawon shekara a Google da Bing da DuckDuckGo, sun ga cewa sabuntawarku kan kori shara na ɗan lokaci, sannan ta dawo. Adadin da muke so ku riƙa wallafawa shi ne tsawon kwanakin da gidan shara ke yi tsakanin shigarsa kundi da fitarsa, a rarrabe bisa harshe, da kuma tsakanin tambayoyin da aka saba da waɗanda ba a saba ba.

Mun ambaci harshe da gangan. Panda da Ingilishi ya fara, sauran harsuna suka jira watanni. Tsarin fifita rubutu mai amfani na Agustan 2022 haka ya yi, sai a Disamba ya kai ga sauran. Sabuntawar Oktoban 2023 ta ambaci Turkanci da Hindi da harsunan Indonesiya da Biyetnam da Sin a matsayin inda aka ƙara ƙarfi, wanda ke nuna akwai rauni kafin nan. A harshen da rubutunsa bai yawaita a intanet ba, kusan kowace tambaya giɓi ce, kuma fassarar inji ta gida guda zuwa harsuna hamsin tana iya mamaye shafin farko ba tare da hamayya ba. A nan matatarku ta fi rauni, a nan kuma mai karatu ya fi rashin abin da zai kwatanta da shi. Ku ɗauki masu dubawa da suka tashi da waɗannan harsuna, ku faɗi yawansu.

Abu biyu ne ba ma roƙo. Ba ma roƙon na'urar gano rubutun inji. Matsayin da Google ya ɗauka a Fabrairun 2023, cewa inganci ake dubawa ko da me aka yi rubutun, daidai ne, kuma OpenAI ma ta janye nata kayan ganowar a Yulin wannan shekara saboda yawan kuskure. Halayyar gida ta fi salon jimla tona asiri: saurin haihuwar shafuka, batutuwan da ba su da alaƙa, sunayen marubutan da ba su da sawu a ko'ina. Ba ma kuma roƙon ku fake da manyan sunaye. Bayan sabuntawar Satumban 2023 ƙananan gidaje da dama masu gwada kaya da hannunsu sun yi asarar masu ziyara, manya suka cike gurbin. Duk lokacin da kuka ƙara wa girman suna nauyi, kun ƙara wa tsohon domen da reshen jami'a da sashen jaridar haya daraja a kasuwar masu shara, sai matsalar ta sauya wuri kawai.

Saura hanyar kai ƙara. A 2020 Google ya bayyana cewa rahoton sharar da mutane ke aikawa ana amfani da shi ne wajen inganta tsarin ganowa, ba don a ɗauki mataki a kan gidan da aka kai ƙara ba. Wanda ya tattara domen ɗari uku masu asusun talla ɗaya ya cancanci fiye da saƙon godiya na inji. Ku buɗe hanyar miƙa jeri gaba ɗaya tare da hujja, da lambar bibiya, da amsa cikin wa'adin da kuka sanar. Ku dawo wa mai bincike da damar toshe gidan da ba ya son sake gani, wadda Google ya bayar a 2011 ya janye daga baya. Ku riƙa gwada shafukan da ke samun dannawa daga layukan wayar hannu na ƙasashe daban-daban, kuna shiga ta sakamakon bincike kamar kowa. In kuma ajiyayyen kwafi ba zai dawo ga kowa ba, to ku ba masu bincike da masu tsaron gidaje hanyar ganin rubutun da Googlebot da Bingbot suka karɓa a ziyararsu ta ƙarshe, tare da ranar da suka fara ganin adireshin.

Muna sauraron amsarku a fili, kamar yadda muka rubuto a fili.

Naku,
Wasu masu gina gidajen yanar gizo, masu kula da saba, da masu tsabtace gidajen da aka yi wa kutse.